Mizanin Maslaha a Kan Ruwan Binuwai: Jawabin Yaye Ɗaliban Tsara Ayyukan Ruwa a Garwa

 

Mai Martaba Lamiɗon Garwa, Allah ya ja zamaninka, Mai Girma Gwamnan Yankin Arewa, malamanmu masu daraja, iyaye, da ku 'ya'yanmu da muke yayewa yau: assalamu alaikum.

Bayan haka, ilmin da aka ba ku, wato auna abin da aiki zai ci da amfanin da zai haifar tun kafin a sa masa hannu, ko da yake an ce injiniyan Faransa Jules Dupuit ne ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a 1844, kuma Amurka ta sa shi cikin dokarta ta tsare ambaliya a 1936, ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu, domin su ma ba su yanke hukunci sai sun ɗora maslaha da mafsada a kan mizani sun ga wadda ta rinjaya. Dukiyar baitulmali amana ce, kuma kowace sefa da aka zuba a madatsa an hana ta ga rijiya ko asibiti ko makaranta.

Ku dubi madatsar Lagdo, wadda aka gina da taimakon ƙasar Sin daga 1977 zuwa 1982. Babu mai musun alherinta, gama megawat 72 da aka tsara mata su suka haskaka Garwa da Marwa da Ngaundere, tafkinta kuma ya ciyar da dubban masunta. Amma ruwan da aka tsare, shi ne wanda a da yake malala bisa fadamun Binuwai ya bar damshin da ake dasa masakwa. Kuma sa'ad da tilas ta sa aka saki ruwan a 2012, sa'an nan a 2022, ɓarnar ta bi kogi har Adamawa da Taraba da Kogi a Nijeriya, inda madatsar Dasin Hausa, wadda aka yi niyyar ta tare shi, har yau ba a gina ta ba.

Darasin madatsar Maga ya fi wannan bayyana. A 1979 aka datse ruwan Logone domin shinkafar kamfanin SEMRY, aka ƙidaya buhunan da za a girbe, ba a ƙidaya kifin masuntan Kotoko da Musgum ba, ko ciyawar da shanun Fulani ke ci da rani, ko namun dajin Waza. Da fadamar Logone ta bushe, jama'a suka watse, sai a 1994 aka fara mayar mata da ruwa. Masu bincike kuwa da suka sake lissafi suka tarar amfanin mayarwar ya ninka kuɗin aikin.

Saboda haka wasiyyata gare ku ita ce ku sa kowa a mizani: manomin da ke bayan madatsa da na gabanta, makiyayi mai wucewa, matar da ke tafiya mai nisa neman ruwan sha, maƙwabcin da ke ƙetaren iyaka, da jikokin da za su gaji tafki bayan yashi ya cike shi. Kada ku zama kamar mai awon da ke da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. In lissafi ya nuna rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka sun fi babban gini amfani, ku faɗa wa shugabanni haka cikin ladabi, ko da ba shi suke son ji ba, domin nasiha hakkinsu ce a kanku.

Allah ya yi wa ilminku albarka, ya sa ku zama masu adalci a awo, ya ba ƙasarmu Kamaru damina mai albarka da zaman lafiya.