Shirin Kasuwa da Makiyaya: Motar da Ta Ci Sunan Bijimi

Yau shirin namu zai leƙa wata kasuwa ta ƙasashen Turai da Amurka, inda ake gwanjon tsofaffin motoci. Kada wani ya ce ina ruwan mai sanda da motar attajirai. Ku dai biyo mu, za ku ji akwai saniya a cikin zancen.

Sunan motar Lamborghini Miura, ƙirar ƙasar Italiya. Mai kamfanin, Ferruccio Lamborghini, ɗan manoma ne, kuma da ƙera tarakta ya yi arziki kafin ya buɗe masana'antar motoci a 1963 a garin Sant'Agata. Mutum ne mai son bijimai, shi ya sa har gobe hoton bijimi ne tambarin motocinsa. Miura kuwa sunan wani gidan makiyaya ne a kusa da birnin Sebil na ƙasar Sifen, waɗanda suka gāji kiwon bijimai masu faɗa tun 1842. To kun ji, sunan garke aka sa wa mota.

An fara nuna ta a bajekolin motoci na Janeba a 1966. Abin da ya girgiza mutane shi ne inda aka sa injin. Mun saba ganin inji a gaba, ita kuwa nata yana tsakiya, daidai bayan kujerar direba, an kwantar da shi a gicciye. Silinda 12 gare shi, kuma gudunta na kai wajen kilomita 280 a awa. Dalilin sa shi a tsakiya, duk mai ɗaura wa jaki kaya ya san shi: idan nauyi ya zauna a tsakiya, tafiya ta fi daidaita. Tsayinta daga ƙasa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, kujera biyu kacal. A hanyar burji irin tamu, ko kilomita ɗaya ba za ta yi ba.

Tana da aibinta. Tankin mai a gaba yake, saboda haka idan mai ya yi ƙasa sai goshinta ya yi sakayau, ya riƙa neman tashi in ana tsananin gudu. Ga zafi da ƙara a cikinta. Duk da haka, daga 1966 zuwa 1973 ƙasa da guda 800 aka ƙera, kuma samfurin ƙarshe da ake kira SV bai wuce kimanin 150 ba. Sarkin Iran na wancan zamani ma ya mallake ta. Yau idan mai kyau ta shiga gwanjo, ana maganar miliyoyin dalar Amurka ne.

Yaya cinikin yake? Kamfanoni irin su RM Sotheby's da Bonhams su ne dillalai. Mai mota yakan faɗa musu a asirce kuɗin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. Masu saye su yi ta tayi, wasu a zaure, wasu ta waya. Idan tayi bai kai ba, albarka ke nan, mota ta koma gida. Idan ya kai, a buga guduma. Sannan mai saye ya ɗora la'ada, wajen kashi 10 cikin 100.

Amma ga inda nake so ku kasa kunne. Masu sayen nan fenti ba ya ruɗarsu. Lambar shasi suke dubawa, su duba lambar inji, su gwada da littafin masana'anta, ko injin da ta fito da shi ne. Su bi sunan duk wanda ya taɓa mallakarta. Motoci biyu iri ɗaya, wadda tarihinta ya yanke a tsakiya sai farashinta ya faɗi warwas. Haka Bafulatani ke tambayar uwar karsana da bijimin da ya haife ta, ko Bunaji ce ko Azawak, kafin ya taya.

Saboda haka, mai ɗauko mota daga tashar jirgin ruwan Kwatano, kafin ka ƙirga kuɗi ka duƙa da kanka ka karanta lambar shasi, ka gwada da wadda ke takardar kwastan. In ka ga alamar goga ko sabuwar walda a wurin, bar ta komai arha, don ranar da aka kama ta, a hannunka za a kama. Kai ma makiyayi, adana takardar rigakafi da ta ƙetare iyaka ta ECOWAS, kuma kada ka sayi dabba a bayan kara ba dillali ba shaida. Araha ba ta ado.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.