Iyaye Matan da Suka Tsare Ƙofar Makaranta a Otawa



Maganata yau a kan makarantun firamare na Faransanci ne a Otawa, babban birnin Kanada. Birnin yana cikin lardin Ontariyo, inda yawancin mutane Turanci suke yi a kasuwa da ofis. Masu Faransanci ba su da yawa, amma yau 'ya'yansu suna karatu da yaren gidansu, gwamnati ce kuma ke biya. Ba a kwance suka sami wannan ba.

A 1912 gwamnatin lardin ta kafa Doka ta 17, wadda ta hana koyarwa da Faransanci bayan aji biyu. Makarantar da ta ƙi bi za a yanke mata kuɗi, malami kuma zai iya rasa takardarsa ta koyarwa. A makarantar Katolika ta Guigues, malamai biyu 'yan uwa ɗaya, Diane da Béatrice Desloges, suka ci gaba da koyarwa da Faransanci, sai aka hana su shiga aji. A watan Janairu 1916 iyaye mata suka mai da su ciki, suka tsaya gadi a ƙofa da dogayen allurai na maƙale hula a hannu, suka hana 'yan sanda fitar da su.

A 1927 gwamnati ta daina aiki da dokar. A 1982 aka sa sashe na 23 cikin takardar 'yanci ta tsarin mulkin Kanada, wanda ya ba irin waɗannan iyaye ikon a koyar da 'ya'yansu da yarensu idan yaran suna da yawan da ya isa. A 1998 masu Faransanci suka sami hukumomin makarantu 12 na kansu a Ontariyo. A 2016 shugabar gwamnatin lardin, Kathleen Wynne, ta roƙi gafara a majalisa, shekara 104 bayan kafa dokar.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. Da yaro ya fito daga aji, Turanci yake ji a titi da talabijin. Idan ba a yi masa Faransanci a gida ba, makaranta kaɗai ba za ta riƙe masa shi ba.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu muna da yaren kakanni wanda Hausa da Turanci suke neman dannewa. Akwai jikokin da ba sa iya gaisawa da kakarsu da yarenta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu yi wa yara magana da yarenmu a gida, mu koya musu karanta shi a ajin Lahadi, mu kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Matan Otawa ba su jira wani ya tsare musu ƙofa ba.