Tafiyar farko ƙetaren iyaka: kai da kuɗinka

Yau da kai muke, ɗan'uwa, mai shirin fara tsallakawa daga Illela zuwa Ƙonni, ko daga Jibiya zuwa Maraɗi.

Kafin ka canza ko sisi, koyi ƙidayar can. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In dillali ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jika ɗaya sefa 1,000 ke nan. An sha sallama akuya, sai wajen biya rigima ta tashi. Ka ce a danna maka adadin a waya ka gani, ba abin kunya ba ne.

Wajen 'yan canji, tambayi biyu ko uku, ka ƙirga a gaban mai canjin kafin ka ɗaga. Kada ka dogara da taransifa, layin Nijeriya yakan ɗauke in ka yi nisa da iyaka. Kuɗin shanu kuma, raba su, ko ka damƙa wa maigidanka na kasuwa a gaban shaida.

Mai wucewa Chadi ko Kamaru fa, sefarsu ba ta Nijar ba ce. Sai ka sake canji.