Ragowar Fenti da Ruwan Maƙwabcinka

 Yau maganarmu a kan abin da ke ɓoye a lungun ɗaki ne: gwangwanin fenti da ya rage bayan an shafe gida ko majami'a, kwalbar maganin feshi, tsohon batir, da baƙin mai na babur ko janareta. Ina kake kai su in ka gama da su?

Mu mutanen ƙasar Haɗeja a bakin ruwa muke zaune. Kogin nan daga wajen Kano yake gangarowa, inda aka tare shi da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ya ratsa Auyo da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har Nguru. Daga nan ya haɗu da ruwan Jama'are, su nufi Tafkin Chadi. A damina ruwa yakan hau ya shiga gidaje, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. In ya hau, ba ya zaɓe. Yakan kwashe juji da abin da ke cikin kwata, ya kai gonar shinkafa, ya kai rijiya, ya kai inda masunta ke jefa taru. Abin da ka zubar a bayan gidanka da rani, wani zai sha shi da damina.

Ka ce, ai ɗan kaɗan ne? Ku tuna da Zamfara a 2010. Yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Dalmar nan ita ce cikin batirin mota, ana kuma samunta a wasu irin fentin mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ko ƙanƙani ne, yana cutar da yaro. Yana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso da wuyar gane karatu, iyaye ba su san dalili ba.

To, me za mu yi?

Na fari, ka sayi fenti daidai aikinka. In ya rage, ka rufe shi sosai, ka ba maƙwabci ko makaranta su yi amfani da shi. Fentin ruwa da ya lalace, ka zuba masa yashi ya bushe ƙamas kafin ka yar. Fentin mai kuwa kada ka zuba shi a kwata, kada kuma ka ƙone shi, gama hayaƙinsa guba ne.

Na biyu, kwalbar maganin feshi. Ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ruwan cikin injin feshi ya koma gona. Sa'an nan ka huda ta don kada kowa ya sāke zuba kome a ciki. Uwargida, kada ki ajiye man gyaɗa ko ruwan sha a irin wannan galan, kome kyansa. Kada kuma a wanke injin feshi a kogi.

Na uku, tsohon batir a mayar wa masu sayar da shi, kada yara su fasa shi su yi wasa. Baƙin mai a tara cikin jarka a kai wa bakanike.

Na huɗu, kada a zuba kananzir ko fiya-fiya a kwalbar lemo. Yaro mai jin ƙishi ba ya karanta rubutu. In kuwa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ruga da shi asibiti tare da kwalbar. Kafin damina ta yi ƙarfi, a ɗaga dukan waɗannan abubuwa sama, inda ruwa da hannun yaro ba za su kai ba.

Ɗan'uwana, maƙwabcinka ba na jikin katangarka kaɗai ba ne. Har da matar da ke ɗiban ruwa can ƙasa da kai, wadda ba za ka taɓa ganin fuskarta ba. Yau in ka koma gida, ka duba lungun nan.

Allah ya ba mu zuciya mai kula da juna, ya kiyaye 'ya'yanmu da ruwan shanmu. Amin. Sai mako mai zuwa.