Kududdufi, Kifi da Sauro



Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, kududdufan damina su ne wurin su. Wasu na cewa a cike su saboda sauro. To, a yi hattara. Karfasa da 'ya'yan tarwaɗa suna cin tsutsar sauro. Sauron zazzaɓi ya fi hayayyafa ne a ramukan tubali da sawun shanu, inda kifi ba ya kaiwa. Cikin kamar kwana 10 ƙwai ya zama sauro. Waɗannan ramuka za mu cike, mu kwana cikin gidan sauro, mu bar wa masunci abincinsa.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.