Me Ya Sa Dawakinmu Suke Ƙin Harawa Mai Kyan Gani?

Jawabin kwamitin hawa a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Kowa ya shaida abin da ya faru a hawan sallar bara, inda uku daga cikin dawakin da muke alfahari da su suka fito a rame, ɗaya ma bai fito ba sam. Mu mazauna birni da muka aiko da kuɗin harawa mun yi saurin zargin masu kula da barga, har wasunmu suka ce an karkatar da abincin. Da muka bincika, sai muka tarar damman harawa suna nan jibge, koraye shar, dawakin ne suka ƙi ci. Muna neman afuwar waɗannan bayin Allah a bainar jama'a.

Mu da ido muke sayen harawa, doki kuwa da hanci yake karɓarta. Da aka kwance damman, aka ga tsakiyarsu ta yi fumfuna, tana tashin ƙura mai warin ruma. An ɗaure ta ne tun ba ta gama bushewa ba, aka kuma jibge ta a ƙasa cikin ɗaki marar iska. Bayanta ya bushe ya yi kyau, cikinta ya ruɓe. Haka ma ingiricin da ɓera ya yi wa fitsari, ko wanda ya kwana kusa da jarkar fetur ko maganin ƙwari, doki zai shinshina ya kau da kai.

Kuskurenmu mafi muni shi ne yayyafa wa harawar ruwan kanwa domin a yaudari dokin ya ci. Doki ba ya iya amai kamar yadda mutum ko kare yake yi. Abin da ya shiga cikinsa sai ya bi hanji har ƙarshe. Shi ya sa dokin da bai fito ba ya kwana yana birgima da ciwon ciki, ƙurar fumfunar kuma ta bar shi da tari.

Sai dai ba kullum laifin ciyawa ba ne. Turamen haƙoran doki suna ci gaba da fitowa kusan tsawon rayuwarsa, gefensu yakan yi kaifi har ya yanki kunci ko harshe. Irin wannan doki zai tauna kaɗan, ya yar da dunƙulen ciyawa jiƙe da miyau. Likitan dabbobi yana goge kaifin cikin ɗan lokaci. Akwai kuma sabo: dokin da ya saba da harawar wake, aka sauya masa ta gyaɗa rana ɗaya, yakan yi yaji. Ana gauraya sabuwa da tsohuwa ne a hankali, tsawon kwana 7 zuwa 10. Wanda aka cika wa ciki da dawa da dusa, ko aka bari da ƙishirwa, shi ma ba zai kula busasshiyar ciyawa ba.

Lissafin ba ƙarami ba ne. Doki yana bukatar ciyawar da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana, wato kilo 5 zuwa 7 ga mai nauyin kilo 350. Duk damin da ya ruɓe, kuɗin wani ɗan ƙungiya ne ya tafi a banza.

Saboda haka kwamiti yana roƙon taro ya amince da gina rumfa mai dandamali, wadda iska za ta riƙa ratsawa, kafin kaka mai zuwa. Daga yanzu kuma ba za a biya kuɗin harawa ba sai an kwance dami an shinshina tsakiyarsa a gaban mai barga, sannan a kira likita ya duba haƙoran dawaki wata biyu kafin sallah. Ma'aji yana nan a bakin ƙofa da littafin gudummawa.