Kwaɗon Da Ya Zama Shugaban Ƙasa: Labarin Moustapha Alassane

Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Makarfi, Ikara da Kudan, da ku da kuke karanta rubutun shirin a wannan shafi.

Yau katun za mu tattauna, wato zane mai motsi. Ku duba wayar da ke hannun ƙannenmu: katun ɗin da suke kallo daga Amurka yake, ko Indiya, ko Japan. Idan ka tambayi matasanmu masu zane me ya hana su yin namu, amsar ɗaya ce: babu kayan aiki, kuma ba a birni muke ba. To ku saurari labarin wani maƙwabcinmu.

Sunansa Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar, an haife shi a 1942. Bakanike ne tun farko. Yana yaro yake zana hotuna, ya haska su da fitila, mutane su taru suna kallon inuwarsu na motsi. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, daga nan hanya ta buɗe masa har Kanada, inda ya koyi aiki a wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1962 ya fitar da Aouré, wato aure, da mutane na gaske. Sai katun ɗinsa La Mort de Gandji, wanda ya ci kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966.

Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne Bon Voyage Sim, na 1966. Kusan minti 5 ne kacal. Sim kwaɗo ne, kuma shugaban ƙasar kwaɗi. An gayyace shi ziyara wata ƙasa, sai ga faretin soja, ga jirgin sama, ga tarba ta alfarma, kowa na kumbura wuya. Ku tuna fa, shekara 6 ke nan da samun 'yancin Nijar, jam'iyya ɗaya ke mulki, ba kowa ke iya buɗe baki ya yi wa manya dariya ba. Shi kuwa ya sa kwaɗo ya yi masa magana. Wa zai kama kwaɗo? Dabarar kakanninmu ce sak a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya ɗauko ta ya ɗora a majigi.

Kuma kar ku raina minti 5 ɗin nan. Ko da zane 12 za ka yi wa kowace daƙiƙa, zane 3,600 ke nan, da hannu, babu kwamfuta. Wallahi ko noman rake bai fi wannan cin haƙuri ba, kuma mu 'yan Makarfi mun san rake.

Bai tsaya a katun ba. Ya yi fim ɗin kaboyi, ya yi F.V.V.A. a 1972 kan masu haukan mace, mota, gida da kuɗi. Ya yi Kokoa, inda 'yan tsana na dabbobi ke kokawa a fage. Ya jagoranci sashen fim a Jami'ar Yamai shekara 15. Daga baya ya tare a Tawa, ƙasar Adar, nesa da babban birni, ya buɗe otal, ya ci gaba da aikinsa a can. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, Allah ya jiƙansa. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya nuna fina-finansa. Mu da muke maƙwabta, nawa ne a cikinmu suka taɓa jin sunansa?

Ga aikin wannan makon. Mai iya zane ya samu takarda da biro, ya kafa wayarsa a wuri ɗaya, ya ɗauki zanen ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa mana daƙiƙa 10. Zane 120 ke nan. Ku turo a ƙarƙashin wannan rubutu, za mu duba su tare a shiri na gaba.

Sai mun haɗu, a huta lafiya.